Sababbin Ma'aikatan Banki Na Koyon Harshen Kuɗi Ta Waya

A da, in banki ya ɗauki sabon akawu, sai ya tura shi makarantar horo ya yi makonni a gaban malami da allo. Amma tun da aka rufe Legas da Ogun da Abuja ran 30 ga Maris, 1 ga wata bai kai ba aka shiga kulle na annobar korona a 2020, sai horon ya koma intanet. Yaro yana zaune a ɗakinsa a Agege ko Idi-Araba, ya buɗe waya, ya kalli ɗan gajeren darasi, ya amsa tambayoyi, na'ura ta ba shi maki.

Abin da ake fara koya masa kuwa shi ne kalmomi, domin banki yana da harshensa. Ɗauki kalmar kiredit. A kasuwa, wanda ya ce kiredit, ko dai bashi yake nufi ko katin waya. A takardar asusu kuwa, kuɗin da suka shigo wa mutum ke nan, saboda a littafin banki ajiyar mutum bashi ce da yake bin bankin. Sabon ma'aikacin da bai kama wannan ba, yana iya gaya wa mai tumatir a Mile 12 cewa ana binsa, alhali kuwa biyansa aka yi.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus kuma, mai hedkwata a Legas, a 2021. A nan dole ma'aikaci, Musulmi ne ko Kirista, ya san murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ƙarin da kuka amince tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Ya san mudaraba, inda ɗaya ke kawo jari ɗaya ke juyawa, a raba abin da aka samu. Ya san ijara, wato haya. Ɗan Arewa da ya taɓa zama gaban malam aka karanta babin ciniki, ya riga abokansa nisa a nan, sai dai da yawa ba su san wannan ilimin abin kai wa ma'aikata ba ne.

Ga kuma wani tarko. Darasi ya koya wa ma'aikaci Bayarabe cewa riba haramun ce. Washegari Alhaji ya zo ya tambaye shi, ribar nawa ce? Bahaushe halaliyar ciniki yake nufi, waccan kuwa kuɗin ruwa yake ce mata. A baki akwai bambancin ja da karin sauti, a rubuce kuwa harufa huɗun nan ɗaya ne. Na'ura ba ta san da wannan ba.

Sauran abubuwan hadda ne kawai: lambar asusu guda 10, lambar BVN guda 11, kuma tun 2024 hukumar NDIC na lamunce wa mai ajiya a babban banki har naira miliyan 5 in bankin ya durƙushe.

Aibin wannan horo a fili yake. Da Turanci ake yinsa, data na cin kuɗi, kuma mai wayo na iya danne-danne ya ci jarrabawa bai fahimci kome ba. Ba malamin da zai kalli fuskarsa ya gane ya ɓace. Alhali fataken shanu da albasa da za su tsaya gabansa, da Hausa za su tambaye shi. Saboda haka duk wanda aka miƙo wa takarda ya sa hannu, ya nemi ma'aikacin ya faɗa masa da baki nawa zai karɓa, nawa zai biya, kuma yaushe, tun bai dangwala yatsa ba.