Zaɓen Kwamishinan 'Yan Sanda: Yadda Ake Hasashen Sakamakonsa da Darasinsa ga Ƙasar Rano



Abin da zan yi bayani a kansa yau shi ne wani irin zaɓe da ba mu saba da shi ba, wato zaɓen kwamishinan 'yan sanda, da hanyoyin da masana ke bi su hango wanda zai ci tun kafin a buɗe akwati. A ƙasarmu naɗa kwamishina ake yi. Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak a sashe na 214, sashe na 215 kuma ya ba kwamishina damar ya nemi a mai da umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya zartar. Amma tun da muhawarar 'yan sandan jiha ta yi ƙarfi, ya kyautu mu tambayi kanmu: in da za a miƙa wa talaka wannan zaɓi, wa zai ci, kuma don me?

Bari mu fara da inda aka gwada. A Ingila da Wales, ran 15 ga Nuwamba 2012, aka yi zaɓen farko na waɗannan kwamishinoni a yankuna 41. Wanda aka zaɓa farin kaya ne, ba ya kama ɓarawo, ba ya tura kurata. Aikinsa shi ne ya naɗa babban jami'in 'yan sandan yankin, ya sauke shi in ta kama, ya tsara kasafin kuɗi, ya kuma faɗi laifuffukan da za a fi mai da hankali a kansu. Daga zaɓuɓɓukan 2012, 2016, 2021 da 2024, mai hasashe ya koyi duba abu uku.

Na farko, yawan waɗanda za su fito. A 2012 an yi zaɓen shi kaɗai, cikin sanyi, sai kimanin kashi 15 cikin 100 suka jefa ƙuri'a, har aka sami wata rumfa a garin Newport wadda ko mutum ɗaya bai leƙa ba. A irin wannan rana ƙididdigar jam'iyya ba ta aiki sosai, domin 'yan tsirarun da suka damu su ne ke yanke hukunci. Saboda haka 'yan takara masu zaman kansu guda 12 suka ci, 'yan Conservative 16, 'yan Labour 13.

Na biyu, zaɓen da aka haɗa shi da shi. A 2016 aka sa shi rana ɗaya da wasu zaɓuɓɓuka, mutane suka ƙaru, masu zaman kansu suka ragu zuwa 3. A 2021 ko ɗaya bai ci ba. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da ya fito don kansilan jam'iyyarsa, in aka miƙa masa takarda ta biyu mai sunayen da bai sani ba, alamar jam'iyya zai nema. Daga nan hasashe ya yi sauƙi, sai a ɗauko sakamakon zaɓen da ya wuce a auna. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na uku, ƙa'idar ƙirga. A da, mai zaɓe yana nuna gwaninsa na ɗaya da na biyu. A yankin Humberside a 2012, John Prescott, tsohon Mataimakin Firayim Minista, shi ne kan gaba a ƙirgar farko, amma da aka zuba ƙuri'un zaɓi na biyu sai Matthew Grove ya kayar da shi. A 2024 an koma ga wanda ya fi yawa shi ya ci. Ku lura, jama'a: cikin ma'aunan nan uku babu wanda ya shafi sanin aikin tsaro. A Nuwamba 2025 gwamnatin Ingila ta ba da sanarwar za ta soke muƙamin a 2028.

To, mu dawo gida. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma dattawanta da na Kibiya sun san ɗan sandan da ke hannun mahukuntan gida. Sun ga dogarai, sun ga 'yan dokan En'e, sun ga yadda 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, suka sha kamu da ɗauri a kan taron siyasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa mulkin soja ya haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya bayan 1966. Wani abin lura, gwamnan Jihar Kano na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975 ya kuma gina madatsar Tiga a nan kudancin Kano, kwamishinan 'yan sanda ne, amma naɗa shi aka yi.

Idan muka ɗora ma'aunan nan a kan ƙasar Rano, me za mu gani? Rano da Kibiya biyu ne cikin ƙananan hukumomi 44, don haka in kwamishinan jiha ake zaɓe, ƙuri'un birni da kewaye za su rinjaye su. Sai dai in takara ta yi kankankan, ƙauye kan zama raba-gardama. A zaɓen gwamna na 2019 sai da aka je zagaye na cike-gurbi, ratar ƙarshe kuwa ƙuri'a 8,982 ce cikin fiye da miliyan biyu.

Akwai kuma ma'auni na huɗu wanda Bature ba ya buƙata kamar yadda muke buƙatarsa, wato jagora. A mazaɓar tarayya ta Rano, Bunkure da Kibiya, Kabiru Alhassan Rurum ya ci a 2019 ƙarƙashin APC, ya sake ci a 2023 ƙarƙashin NNPP. Wanda ya dogara ga alamar jam'iyya kaɗai da ya yi kuskure a nan. Mai hasashe a Kano dole ya tambaya: wane gidan siyasa ne ya ɗaga hannun ɗan takara, kuma su wa ke tare da shi a gunduma?

Nan ne haɗarin yake. In har ana iya sanin wanda zai zama kwamishina ta hanyar sanin ubangidansa, to shi ma kwamishinan ya san wanda ya kai shi, kuma a ranar zaɓe mai zuwa mutanensa ne za su tsare akwati. Manomin Kibiya da aka sace wa shanu bai damu da launin hular kwamishina ba, so yake a bi sawu. Saboda haka duk wanda zai tsara mana 'yan sandan jiha, da zaɓe ko da naɗi, ya fara amsa tambaya biyu: wa zai iya sauke shugabansu, kuma ina talaka zai kai kuka in wanda ya zalunce shi ɗan gidan mai mulki ne? Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya isa wane tsoron Allah.