FASHIN BAƘI: Abin da wasan ƙera injin mota a kwamfuta zai koya wa matasan Kaduna game da tsadar fetur

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000. Tun daga lokacin, direban da ke jigila tsakanin Kawo da Babbar Kasuwa ya koma lissafin kowace lita, fasinja kuma yana biyan kuɗin shan man injin da ba da shi aka shawarta wajen ƙera shi ba.

Akwai wani wasan kwamfuta da ke bayyana dalilin da ya sa wani inji ke shan mai, wani kuma ke tattalinsa. Sunansa Automation, wani ƙaramin kamfani na ƙasar New Zealand mai suna Camshaft Software ne ya samar da shi, ya kuma hau dandalin Steam a 2015. Mai wasan yana zama shugaban kamfanin motoci daga shekarar 1946, ya zana inji tun daga gangar jikinsa, ya ɗora shi a mota, sannan ya nemi masu saye. Idan ya ga dama, zai iya kai motar cikin wani wasan mai suna BeamNG.drive ya tuƙa ta.

Kowane zaɓi da farashinsa

Injin fetur yana ƙona mai ne a cikin silinda, zafin ya tura fistan, fistan ya juya ƙafafun mota. Sai dai a galibin motoci, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ne kawai ke zama tafiya. Saura yana fita ta salansa da lagireto a matsayin zafi. Injinan fetur mafiya tattali da Toyota ke ƙerawa a yau suna kaiwa kimanin kashi 40 cikin 100. Duk gwagwarmayar injiniyoyi a kan wannan giɓi take.

Hanya ta farko ita ce ƙara matsa cakuɗen iska da mai kafin fulogi ya kunna wuta. Gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da ake tatsa daga kowace lita. Amma idan matsin ya wuce abin da man zai jure, sai ya kama da kansa kafin lokaci, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, a ƙarshe fistan ya lalace. Juriyar da mai ke da ita ga wannan matsi ake aunawa da lambar oktan. A cikin wasan, wanda ya zana inji don mai mai inganci sannan ya kai shi kasuwar da manta ba shi da kyau, zai ga ciniki ya gagara.

Hanya ta biyu ita ce rage girman injin a ƙara masa tobo, na'urar da ke amfani da hayaƙi wajen cusa ƙarin iska. Ƙaramin inji mai silinda uku zai iya yin aikin mai huɗu da ƙarancin mai. Farashin hakan shi ne ƙarin zafi, ƙarin sassan da ka iya lalacewa, da bukatar baƙin mai na ƙwarai a kan lokaci. Haka batun yake tsakanin kafireto da na'urar fesa mai ta lantarki: ta biyun ta fi tattali, amma gyaranta na bukatar na'urar bincike da bakanike mai horo. Ƙarfen zubi yana da araha da ƙarko, alminiyum ya fi sauƙin nauyi amma ya fi tsada.

Wasan yana auna kowane zaɓi da ma'aunai da dama a lokaci guda: shan mai, ƙarko, kuɗin kayan ƙira, kuɗin gyara, da tsawon lokacin da injiniyoyi za su ɗauka kafin kammalawa. Da wuya a ɗaga ɗaya ba tare da wani ya sauka ba. Injin da ya fi kowanne ƙarfi yakan durƙusar da kamfani, wanda ya dace da aljihun mai saye kuma ya riƙe shi.

Darasin Fijo 504

Kaduna ta taɓa ganin wannan lissafi a zahiri. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, kudu da kogi. Samfurin 504 da ya fi shahara yana da inji mai silinda huɗu, kusan lita biyu, mai kafireto. Bai fi sauran tattalin mai ba, amma kusan kowane bakanike daga Tudun Wada zuwa Kawo zai iya kwance shi ya mayar, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. An daina ƙera 504 a Faransa tun a farkon shekarun 1980, Kaduna kuwa ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

A zamanin fetur mai araha, sauƙin gyara ya fi tattalin mai muhimmanci. Cire tallafi ya juya ma'aunin, alhali galibin motocin da ke kan titin Ahmadu Bello tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda aka zana don wani mai, wani yanayi da wata hanya. Kaduna tana da tsayin kimanin mita 600 daga teku, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska.

Iskar gas da iyakarta

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ita ce shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG, wanda aka ƙaddamar a 2023. Duk wanda ya fahimci batun matsi zai gane fa'ida da naƙasun shirin. Oktan na iskar gas ya zarce na fetur nesa, don haka injin da aka zana dominta tun farko zai iya ɗaukar matsi mai yawa ya yi tattali. Injin fetur da aka yi wa sauyi kuwa yana nan da matsinsa na asali, kuma yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa saboda gas na cinye gurbin iska. Tukunyar gas ɗin tana da nauyi, tana cin wurin kaya, tana kuma riƙe da matsin da ya kai bar 200, abin da ya sa tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi ke zama barazana ga rayuka. Wadatar gas a Arewa kuma tana rataye ne a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Harhaɗawa daban, zanawa daban

Manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta ɗora haraji mai nauyi a kan motocin da ake shigowa da su don ƙarfafa harhaɗawa a gida. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Amma injinan da ke cikin motocin da ake harhaɗawa a ƙasar nan daga waje suke zuwa, shawarar matsinsu da girmansu kuma a can ake yanke ta.

Masu basira ba su yi ƙaranci ba. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a Kaduna, ya yi fice a kamfanin General Motors da zanen motar Chevrolet Volt, ya kuma shugabanci hukumar NADDC daga 2017 zuwa 2023. A kasuwar Panteka, maƙera suna narka ƙarfe suna zuba sassan injina, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtaka da su. Abin da ya rage shi ne ɗakunan gwajin inji, wutar lantarki tsayayyiya, ƙarfe mai inganci, da manufar da ba ta sauyawa da sauyin gwamnati.

Wasan kwamfuta ba zai zuba ko da fistan ɗaya ba, kuma yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da ba kowane ɗalibi ke da ita ba. Amma wanda ya shafe 'yan kwanaki yana fama da matsi da oktan a cikinsa zai san abin da zai tambayi ɗan siyasar da ya zo da alƙawarin mota ƙirar gida: a ina aka zana injin, da wane mai zai yi aiki, lita nawa yake sha a kilomita 100, kuma wane bakanike ne a Kaduna zai iya gyara shi?