BENE A KARKARA: NA ƘASA KO NA SIMINTI?

Da an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai aikin gini ya tashi a Tsauni da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wannan yana kwaɓa ƙasa a bakin tafki, wancan yana jibge yashi da bulo a ƙofar gida. Samarin da suka dawo daga bida a Nijeriya, Aljeriya ko Libiya sun zo da ɗan abin da Allah ya hore musu. Sun kuma zo da hotunan gidaje cikin salula. Da yawa daga cikinsu burinsu ɗaya ne: gidan bene, irin wanda suka gani a Damagaram, Daura ko Kano.

Wannan buri ba son a sani ba ne kawai. Ƙasar Kance da Matamaye tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Duk ɗakin da aka ƙara a bayan gari, gona ce ya ci. In gida ya yi sama maimakon ya yi faɗi, gonar gero ta tsira. Amma sai a tambaya: da me za a gina benen, da ƙasa ko da siminti? Amsar ta shafi aljihun mai gida, ta kuma shafi rayukan iyalinsa.

BENE BA BAƘO BA NE

Akwai masu zaton cewa Turawa ne suka kawo bene tare da siminti. Ba haka ba ne. Wanda ya shiga unguwar Birni a Damagaram zai ga fadar Sarki, wadda aka gina da ƙasa wajen shekarar 1850, da ɗakunanta na sama. A Agadas, hasumiyar babban masallaci ta kai mita 27, kuma ta ƙasa ce. An fara gina ta a 1515, aka sake ta a 1844. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. A ƙasar Yaman akwai wani gari da ake kira Shibam, inda mutane ke zaune cikin gidajen ƙasa masu hawa 5, 6, har 7.

Ko a wannan zamani gwanayen ginin ƙasa ba su ƙare ba. A ƙauyen Yama, cikin jahar Tawa, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya soma ginin masallacin Juma'a a 1962. Daga baya ya ƙara masa hasumiya a kusurwoyinsa huɗu. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen da suka yi fice a duniyar Musulmi. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Maginan da suna da ƙa'idodinsu. Suna gini da tubali, suna yin gindin katanga da kauri sosai, tana tafiya sama tana sirancewa. Suna rufi da azara, wato giginyar da aka tsaga, don gara ba ta cika damunta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyi in tsakanin katanga da katanga ya wuce mita 2, shi ya sa suke ɗaura bakan gizo in ana son babban ɗaki. Suna shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna kuma sa indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da gindin gini.

ABIN DA KE KADA GINI

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne. A damanar 2024 an yi ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Mutane fiye da 300 suka rasu a Nijar, waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu ɗaki ya faɗa musu. Ranar 3 ga Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. Kafin nan an riga an ga tsagewa a jikinsa. A watan Agusta na 2023 ma wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata.

Wannan ya sa mutane da yawa suka yanke cewa ƙasa ba abin dogara ba ce. Amma a duba yadda ɗakin ƙasa ke faɗuwa. Ko dai ruwa ya kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta daga ƙasa, ko indararo ya toshe ruwa ya taru bisa soro, ko an ga tsaga an ce sai baɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A da, kowace shekara kafin ruwan farko, mai gida yakan hau soro ya toshe yoyo, ya sake yaɓe. Yanzu samari suna wurin bida a lokacin wannan aiki, da yawa sai an yi shuka suke dawowa.

Siminti ma ba ya hana faɗuwa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, mutane fiye da 40 suka mutu. Ba ƙasa a jikinsa, kankare ne da rodi. Saboda haka ba kayan gini kaɗai ke tsai da bene ba. Harsashi ne, da aiki na gaskiya, da kulawa.

AMFANIN SIMINTI DA WAHALARSA

Ba mai musun amfanin siminti. Ruwa ba ya narkar da shi, ba ya son yaɓe duk shekara, kuma da kankare ana rufe babban ɗaki ba tare da azara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don giginya ta yi wuya, icen rufi ya yi tsada.

Amma siminti daga nesa yake zuwa, ko daga Malbaza ko daga Nijeriya, kuma kowane buhu da kuɗin mota a kansa. Shi ya sa ake ganin gidajen da aka soma, kuɗi suka ƙare, rodi ya yi shekaru yana tsatsa a sama. Wani kuma don ya rage kashe kuɗi sai ya yawaita yashi a cikin bulo, har bulon ya riƙa marmashewa a hannu. Araha ba ta ado.

Sai kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40 a jahar Damagaram. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakin shi cikin ɗaki sai dare ya yi. Katangar bulo siririya ce, in kuma an rufa da kwano, ɗakin yakan zama kamar tanda tun da hantsi. Mai kuɗin birni ya kunna na'urar sanyi. Manomin da ba shi da lantarki fa? Sai ya bar sabon ɗakinsa ya koma gindin gawo.

SABUWAR DABARA

Akwai hanya ta uku, wato haɗa biyun. A Yamai, wata mai zanen gine-gine ƴar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokan aikinta, sun gina gidaje 6 masu ɗakuna ƙasa da sama, aka gama su a 2016. Ana kiran wurin Niamey 2000. Katangunsu na bulon ƙasa ne da aka matse da inji, kankare kuwa sai a wuraren da ke ɗaukar nauyi. Kowane gida da tsakar gidansa da wurin shan iska. A 2018 kuma ta gama wani aiki a Dandaji, cikin jahar Tawa, inda aka gina sabon masallaci da irin wannan bulo, aka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu.

Yin wannan bulo ba wuya. Ana tankaɗe jar ƙasa, a sa mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa, a matse cikin injin hannu. Ana lulluɓe bulon kwanaki yana shan danshi kafin a bar shi ya bushe. Injin ya fi ƙarfin mutum guda, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar samari ko ta magina ba.

Akwai kuma ginin da ba a sa masa ice ko kaɗan. An soma koyar da shi a Nijar a 1980, a Cikal, cikin ƙasar Filinge. Da bulon ƙasa ake lanƙwasa rufin ya zama kamar ƙwarya a kife. Amma wannan aiki ne na wanda ya koya a hannun gwani, ba na mai kwaikwayo ba.

ABIN DA MAI GINI ZAI KIYAYE

1. Ya zaɓi wuri mai tudu. Kada ya gina a hanyar ruwa ko a tsohon ramin da aka cike da shara.

2. Ya gwada ƙasarsa. Ya zuba ta cikin kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya bar ta ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau sama. In laka ta yi yawa bulo zai tsattsage, in yashi ya yi yawa zai marmashe.

3. Harsashi ya zama na dutse ko na siminti, ya kuma fito bisa ƙasa kamar kamu ɗaya kafin a ɗora katangar ƙasa. Harsashin da aka haƙa don ɗaki ɗaya ba a ɗora masa bene daga baya.

4. Katangar sama ta zauna daidai kan ta ƙasa, ta kuma fi ta rashin nauyi. A ɗaure ginin da ɗamarar kankare a inda rufi zai zauna.

5. Kankaren rufi da na ginshiƙi yana cin buhu 7 na siminti, mai kilo 50, a kowace mita mai fuska shida daidai, wato tsawo mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Rodi ya nutse cikin kankare, kada ya leƙo. A ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, saboda haka kada a yi gaggawar cire tokara.

6. Kada a shafe katangar ɗanyar ƙasa da siminti zalla. Ba sa kama juna. Ruwa yakan shiga tsakaninsu ya ci katangar a ɓoye, wata rana shafen ya ɓalle gaba ɗaya.

7. Kafin a soma, a nemi shawarar ma'aikatan magajin gari da maginin da ya taɓa yin bene, a kuma je a ga aikinsa da ido.

HAƘƘIN MAƘWABCI

Akwai wata magana da ba ta cikin lissafin magini. Tsakar gida wurin mata ne. Nan suke daka, nan suke girki, nan iyali ke kwana lokacin bazara. Wanda ya hau bene yana iya ganin gida uku ko huɗu. Wannan ya sha haddasa husuma tsakanin maƙwabta a birane. Maganinsa tun wurin zane ne. Tagogin sama su kalli titi ko tsakar gidan mai shi. In dole ne taga ta kalli maƙwabci, a ɗaga ta ta wuce tsayin mutum. A kewaye saman bene da katanga mai tsawo. A kuma kula kada indararo ya zuba a gindin katangar wani. Ya kyautu a sanar da maƙwabta da mai gari tun kafin a haƙa harsashi.

Wanda ke da kuɗin siminti buhu kaɗan, kada ya watsa su cikin katanga don a ce gidansa na zamani ne. Ya sa su a harsashi, da ɗamara, da rufi, inda ruwa da nauyi ke ɓarna. Sauran aikin ƙasar Tsauni ta isa. Wanda kuma ke zaune cikin ginin ƙasa, ya hau soronsa tun rani ya duba indararo, kada ya jira hadari ya taso. Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare jama'a daga ɓarnar ruwa, amin.