Takaba a Bariki

A arewacin garin Kaduna, inda hedikwatar Runduna ta Ɗaya take tare da barikin Ribadu da na Dalet, mutuwar soja a fagen fama takan haɗa al'adu biyu da ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Bahaushe ya saba a yi wa mamaci sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa tun rana ba ta faɗi ba. Soja kuwa gawarsa ta hukuma ce. Sojoji 11 da 'yan bindiga suka kashe a Kamfanin Doka ta Birnin Gwari a watan Maris na 2018, a maƙabartar Commonwealth ta Kaduna aka binne su bisa tsarin soja. Wanda ya faɗi a Borno kuma sau da yawa can barikin Maimalari ake rufe shi, iyali sai dai labari.

Abin da ya rage a hannun dangi shi ne masu rai, kuma nan al'ada take aikinta. A shimfiɗa tabarmi a yi zaman makoki kwana uku, mai shigowa ya ce "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Magajiya, shugabar matan bariki, takan tara mata, Musulmi da Kirista, su ɗauke wa gidan girki. Matar mamacin ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da juna biyu, ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida. Sai dai ɗakin da shari'a ta ce ta zauna a ciki na rundunar soja ne, ba na mijinta ba, kuma wani na jiran sa. A ganina kamata ya yi kada a fara zancen tashi kafin ta fita takaba, domin a waɗannan watannin ne dangi ke shawarar wanda zai riƙe marayu.

Wani zai ce ai hukuma na biyan giratuti da kuɗin inshora, har da tallafin karatun 'ya'ya, don haka rawar dangi ta ragu. Biyan gaskiya ne, amma ga hannun wa? Ana bai wa wanda sojan ya rubuta sunansa a takarda, kuma da yawa tun suna kurata a Zariya, kafin aure, suka rubuta uba ko wa, ba su sake waiwayar takardar ba. Sunan nan bai mai da mutum magaji shi kaɗai ba. In akwai ɗa namiji, mata tana da tumuni, uwa da uba kowa sudusi, saura na 'ya'ya. Gidan da ya san ya kamata, wanda ya karɓo kuɗin yakan ajiye su gaban malami ko alƙali a raba. Inda ya ƙi, matar da yaranta sai kotun shari'a, su yi ƙarar baffan da ake sa ran zai riƙe su.