Barbara Jordan, lauyar da ta faɗi zaɓe sau biyu kafin ta shiga majalisar Teksas

A ƙasar Amurka kowace jiha tana da tata majalisar dokoki, banda babbar majalisa ta birnin Washington. Majalisar dattawa ta jihar Teksas kujeru 31 gare ta, kuma tun shekarar 1883 babu baƙar fata ko ɗaya da ya zauna bisansu, sai da Barbara Jordan ta ci zaɓe a 1966.

An haife ta a 1936 cikin wata unguwar baƙar fata ta birnin Houston, mahaifinta kuwa fasto ne. Ta gama karatun shari'a a jami'ar Boston a 1959, ta komo gida ta kama aikin lauya, wato aboka. Da yake ba ta da kuɗin hayar biro, a gidan iyayenta take karɓar masu ƙara, bisa teburin cin abinci.

Sau biyu ta nemi kujera a majalisar wakilai ta jiha, a 1962 da 1964, sau biyu ta sha ƙasa. Iya magana dai ba a fi ta ba. Tsarin zaɓen ne ya kada ta. A lokacin, gundumar Harris, wadda Houston ke cikinta, gaba ɗaya take zaɓen wakilanta, sai ƙuri'un unguwannin baƙar fata su nutse cikin na fararen fata masu rinjaye. Da kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 1964 cewa dole mazaɓu su daidaita da yawan jama'a, aka sake shata iyakoki a Teksas, unguwarsu ta faɗa cikin sabuwar mazaɓar dattawa. Nan ta tsaya, ta ci.

Ta tarar da maza 30, dukansu farare, wasunsu ba su so zuwanta ba. Ba ta tayar da jijiyar wuya ba. Ta haddace ƙa'idojin majalisa, ta yi ciniki da masu ra'ayin riƙau, har wasu magoya bayanta suka zarge ta da sassauci. Amma da wannan cinikin ne ta taimaka aka kafa dokar farko ta mafi ƙarancin albashi a jihar. Ran 10 ga watan Yuni 1972 aka ba ta riƙon kujerar gwamna na yini ɗaya, bisa al'adar majalisar. A ranar ce mahaifinta ya kamu da shanyewar jiki, washegari ya rasu.

A 1972 ɗin aka zaɓe ta zuwa majalisar Washington, inda jawabinta na 1974 kan batun tsige shugaba Nixon ya sa Amurka duka ta san muryarta. Ta bar majalisa a 1979 ta koma koyarwa a jami'ar Teksas. Ta rasu a Janairun 1996, aka binne ta a maƙabartar manyan jihar da ke Austin, inda ba a taɓa binne baƙar mace ba kafin ita.