Tsohon Sojan Bama: Mutum Ɗaya, Rayuwa Uku

A garuruwan bakin Gulbin Kabi, daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi, idan an ce wa dattijo "ɗan Bama", to jama'a sun san ana nufin wanda ya halarci Yaƙin Duniya na Biyu. Yau kuwa kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, labarinsu kuma yana neman binsu.

A zamanin yaƙin, ta hannun sarakuna da hakimai Turawan mulki suka riƙa ɗibar samari a Lardin Sakkwato, kamar sauran lardunan Arewa. Saurayin da bai san kome ba sai noman fadama da su, sai ga shi a jirgin ruwa zuwa ƙasar Hindu. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, Runduna ta 82 kuma ta biyo baya, har aka ci garin Myohaung cikin Janairun 1945. Daji ne mai duhu da ruwan sama, inda mota ba ta shiga, saboda haka a ka aka ɗauki yawancin kayan faɗa, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo shi.

Da aka sallame su bayan yaƙi, sai rayuwa ta biyu ta soma. Waɗansu suka shiga aikin En'e, suka zama 'yan doka, ko masinjoji, ko direbobi, ko masu gadi. Mafi yawa suka koma gonar shinkafa. An san su da kiyaye lokaci da tsabta da riƙon amana.

Ta ukun ita ce ta cikin gida, inda ba a kiransa saja ko kofur, sai Baba ko Kaka. Shi ne mai aurar da 'ya'ya, mai sasanta 'yan'uwa, mai tara jikoki da dare yana ba su labarin teku.

To, ga abin dubawa. Sunayen wuraren da aka yi faɗan suna nan a barikokin soja, kamar Myohaung da Dodan a Ikko. Ana kuma bikin tunawa da 'yan mazan jiya kowace ranar 15 ga Janairu. Amma sunan shi mutumin yana ina? Yana cikin takardar sallama da lambobin yabo da ke ƙasan adaka, gara tana ci.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai su zauna da tsofaffin gidajensu, su rubuta abin da suka ji. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma su taimaka a tattara hotunan waɗannan takardu, a kai Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, kafin a rasa su. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya albarkaci bayansu, amin.