Hale Woodruff da Sassaƙe-sassaƙen Afirka

Yau shirin namu zai leƙa Amurka, wajen Hale Woodruff, baƙar fata mai zane kuma malamin jami'a, wanda aka haifa a 1900, ya rasu a 1980. Yana saurayi a birnin Indianapolis, wani mai shagon kayan zane, Herman Lieber, ya ba shi littafin Carl Einstein a kan sassaƙe-sassaƙen Afirka. Da Jamusanci aka rubuta littafin, shi kuwa Woodruff ko kalma ɗaya ba ya ji. Hotunan kaɗai ya riƙa ƙura wa ido, shafi bayan shafi, yana nazarin yadda masassaƙi ya fitar da goshi, yadda ya ja wuya, yadda ya zaunar da kafaɗa. Da ya isa Paris a 1927, sai masanin nan Alain Locke ya riƙa zagawa da shi kasuwannin gwanjo, kuma a can ya fara sayen nasa da ɗan abin da ke aljihunsa.

A ganina, abin da Woodruff ya yi karatu ne, kuma aikinsa ya shaida haka. Ya fara koyarwa a Jami'ar Atlanta a 1931, daga baya ya zana manyan hotuna shida a bangon ɗakin karatunta a kan fasahar baƙar fata, Shangon Yarbawa na tsakiyar na farko. Wani zai ce to ai yawancin kayan da suka cika kasuwannin Paris ta hannun 'yan mulkin mallaka suka fita, wasu ma ganimar yaƙi ce, saboda haka mai saye yana da nasa kason laifin. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Sai dai Woodruff bai rufe ido a kanta ba. Ɗaya daga cikin hotunan nan shida yana nuna yadda sojojin Ingila suka ƙone birnin Benin suka kwashe dukiyarsa a 1897. A bangon ɗakin karatu fa, masu sauraro, inda jikokin bayi ke zama kullum da littattafansu a lokacin. Mai neman abin ƙawata falo ba ya zana tarihin satar abin da yake tarawa.

Lokaci ya ƙure mana. A 1946 ya koma Jami'ar New York da koyarwa, hotunan kuwa suna nan har yau a Jami'ar Atlanta, wadda yanzu ta zama Jami'ar Clark Atlanta.